Malam Ezekiya Zira da Ƙasar Bakin Mayo

A da, kafin masu shayin unguwar Sabon Layi a Mubi su gama hura wuta, Malam Ezekiya Zira ya riga ya jawo teburinsa zuwa baranda. Yakan shimfiɗa tsohon buhu, ya jera rariya, da gwangwanin ƙaron da ya jiƙa tun jiya, da tsofaffin burusan goge haƙori da 'yan unguwa suka gama da su. Sai ya gyara tabarau ya hau tankaɗe ƙasa. Baƙo in ya gifta sai ya ɗauka dattijon nan garin tuwo yake tankaɗa wa matarsa. Mu maƙwabta mun san ƙasa ce, kuma mun daɗe da daina tambaya.

Aikinsa shi ne ƙera ƙananan motocin yaƙi, kowace ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, daga gwangwanin madara da waya. Mahaifinsa direban soja ne, a bakinsa ya fara jin siffofinsu tun yana ƙarami. Amma motar ita ce ƙaramin aikin. Babban aikin shi ne filin da za ta zauna a kai. Yakan samu faffaɗan katako, ya jiƙa tsohuwar jarida da sitaci ya tayar da tuddai, ya bar su su bushe, ya shafa ƙaro, sannan ya barbaɗa ƙasa. Karan dawa da zaren tsintsiya yake yinsu. Bishiya kuwa wayar tagulla ce da ya murɗa, ya yayyaga soso ya manna a matsayin ganye. Kafin lakar ta bushe yakan danna motar a kai, ya ja ta kaɗan, don sawunta ya fito yadda nauyi ke fito da sawu. Na taɓa ce masa, "Malam, wannan wahala duk a kan ƙasa? Ai motar mutane ke kallo." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mota ba shi ne magana ba. Ƙasa ne magana. In ba ka ga inda ya taka ba, ba ka san abin da ya yi ba."

Malamin aikin hannu ne a makarantar firamare har ya yi ritaya. A shekarar 1991, da aka yanke mana sabuwar jiha, shi ya tayar wa ɗalibansa duwatsun Mubi a kan allo, da kogin garin da hanyar Uba, yara suka ga garinsu daga sama tun ba su taɓa hawa jirgi ba. Waɗannan yaran yau wasu 'yan kasuwa ne, wasu suna ofis, kuma a cikinsu akwai masu wucewa a mota su ce wa na kusa da su, "Ga Baba mai wasan yara can." Ni wannan suna yana ci mini rai. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya muku riƙe almakashi, ku girma ba ku da abin saka masa da shi sai dariya.

Kowa a garin nan ya san abin da ya same mu a ƙarshen Oktoban 2014, ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka watse. Malam Ezekiya ya bi ayarin da ya ratsa ta unguwar Kolere zuwa gindin duwatsu. A bakin wani rafi, irin wanda muke ce wa mayo a nan, ya ga motar yaƙi mai sulke ta karkace a gefen hanya, ta ƙone, dawar da ke gefenta duk an tattake. Ƙasa cike da takalman mutanen da suka tsallaka ruwa da gudu. Da muka dawo gari, wasu suka hau gyaran shago, wasu neman 'yan uwa, shi kuma ya ɗauko katako ya fara gina wannan wuri. Bai sa wa motar tuta ba, bai sa mata lamba ba. In aka tambaye shi ta wane ɓangare ce sai ya ce, "Ina gudu ne, ban tsaya tambaya ba." Takalman kuwa da robar tayar keke ya yanka su, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ya warwatsa su a bakin ruwan.

Wata rana Margret, wadda muke kira Maman Dokas, ta tsaya a barandar tana kallo. Mijinta Jatau a wannan mayon ta rabu da shi. Ya tsallakar da ita da yara, ya koma ɗauko tsohuwar mahaifiyarsa, daga nan ba a sake ganinsa ba. Babu gawa, babu kabari, babu wanda zai ce ga inda ya faɗi. Sannan ta ce, "Baba Ticha, wannan ƙasa ba na wurin ba ne. Na wurin ya fi ja." Ya amsa cewa gaskiyarta, ta bayan gidansa ce. Bayan 'yan kwanaki ta dawo da ƙulli a gefen zaninta. Ta je har bakin mayon da ƙafarta, ta ɗebo ƙasa daga daidai inda ta ga bayan Jatau na ƙarshe. Malam ya tankaɗe ta, ya shafa ƙaro a kusurwar hagu ta allon, ya shimfiɗa ta a can.

Labari ya bazu. Adda Asta, Bafulatana mai sayar da nono a bakin kasuwa, ta kawo tata, domin ɗanta Bobboi ma a hanyar nan ya ɓata yana kora shanu. Malam ya sa tata kusa da ta Margret, ya bar siririn tsakani. Wasu ma suka kawo. Bai rubuta sunan kowa ba, amma in ka zo zai ɗora ɗan tsinke ya ce maka ga taka nan.

Kai ne, Malam Ezekiya, ka karɓi waɗannan ƙulle-ƙulle da hannu biyu a lokacin da sauranmu ke ce wa matan nan su yi haƙuri su manta. Kai ne ka jure surutun masu cewa tsafi kake yi, daga coci da masallaci duka, ka ce musu ba wanda ya taɓa durƙusa wa allonka, kallo kawai ake yi a share hawaye a tafi. Waɗanda suka fi ɗaga murya a kan tsafin nan, ban ga ɗayansu ya taka zuwa gidan Margret ya tambayi yadda yaranta suke ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami raina a ɓace. A bana, 2017, wasu manya suka kafa kwamiti don bikin dawowar zaman lafiya. Shugaban kwamitin, wanda ba zan ambaci sunansa ba don darajar iyalinsa, ya ji labarin aikin Malam, ya aiko a ara musu don baƙi su gani. Malam ya yarda da sharaɗi guda, kada a taɓa komai a kai. Aka ce masa ya kwantar da hankalinsa. Aka zo da a-kori-kura aka ɗauka, Malam da kansa ya sa matashin kai a ƙarƙashi saboda ramukan hanya.

Ana gobe biki da yamma shugaban ya shiga zauren taro ya duba. Wani mai jera kujeru da ke wurin shi ya ba ni labari. Ya ce mutumin ya yatsine fuska ya ce, "Mene ne wannan datti? Baƙi za su zo daga Yola su ga laka da tsofaffin silifa? Ku cire motan ku sa a tebur mai kyau, sauran ku fitar." Aka sa sukudireba aka ɓanɓare motar, aka goge ta da tsumma, aka ɗora ta a kan koren ƙyalle tsakanin furannin roba. Allon kuma aka jingine shi a bayan zauren, kusa da bola, a ƙarƙashin indararo. Kafin gari ya waye aka yi ruwan ƙarshen damina.

Ku tsaya ku ji abin da aka yi. Mutanen da suke shirya bikin tunawa da abin da ya same mu sun kalli motar da ta ƙone suka ga abin ado, suka kalli ƙasar da mutanenmu suka ɓata a kanta suka ga shara. Ba za su ce ba su sani ba, domin duk Mubi an san abin da ke kan allon nan. Baƙi suka fi ƙarfin idonsu. Sun fi son a tafa musu a ce garin ya warke, ko da kuwa sai an share matattu an kai bola kafin a yi tafin. Ni dai ban yafe wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da safe Malam ya zo sanye da rigarsa ta zuwa coci. Ya shiga zaure ya ga motarsa a kan ƙyalle, ya fito ya zagaya baya. Ina biye da shi. Ruwan indararo ya sauka daidai kan kusurwar hagu, ya narkar da ƙaron, ya wanke ƙasar har jarida ta bayyana. Jar laka ta gangara ta kwanta a bakin kwata. Dattijon nan mai ciwon gwiwa ya durƙusa da farar rigarsa, ya ciro murfin gwangwani daga bola, ya dinga kwalfar lakar a hankali yana zubawa a hularsa. Ana can ciki ana gwada lasifika. Na ce bari in shiga in tona musu asiri a gaban baƙin, ya riƙe mini ƙafar wando ya ce, "Bar su. Riƙe mini hula."

Muka ari baro muka turo allon gida. Ba a jima ba Margret ta iso, ta ji labari a hanya, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Adda Asta ta biyo bayanta da ƙwaryar nono a ka. Margret ta dubi kusurwar da ta zama farar jarida, ta ce, "Baba Ticha, ina Jatau?"

Na so ya yi mata ƙarya, Allah ya sani. Da ya ɗebi lakar ya raba biyu ya ce ga naki ga na Adda Asta, babu mai ganewa. Amma ya buɗe hular ya nuna musu ya ce, "Maman Dokas, ga shi nan. Amma ruwa ya haɗa shi da na Bobboi. Na duba, na sake dubawa, ba zan iya raba su ba. Laifina ne da na ba da shi."

Margret ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Za ta iya komawa mayon, amma damina uku sun wuce a kansa, gaɓar da ta ɗebo ƙasar ma ruwa ya cinye ta. Wannan ɗan ƙullin shi kaɗai ya rage mata. Adda Asta ta sauke ƙwaryarta, ta tsuguna kusa da ita, ta leƙa cikin hular. Ta ce, "Maman Dokas, yarona yana tsoron ruwa tun yana ƙarami. In mijinki yana kusa da shi, ni hankalina ya kwanta. Malam, ka sa su haka, kar ka raba." Margret ta miƙa hannu ta karɓi hular, ta riƙe wa Malam ita har ya gama shafa sabon ƙaro.

Wannan gyara shi ne aikinsa na ƙarshe. Idanunsa sun yi rauni, likita ya hana shi aikin ƙananan abubuwa, a wannan watan ya naɗe buhunsa. Kwamitin bai zo ba da haƙuri ba har yau. Sun aiko masa da takardar yabo mai zanen zinariya, an rubuta sunansa ba daidai ba. Motar tana wurinsu, bai aika a karɓo ba, ya ce su riƙe tunda ita suke so.

Malam Ezekiya, dattijon Sabon Layi mai hannun haƙuri, na gode maka a madadin duk wanda ya rasa nasa bai samu inda zai tsaya ya yi kuka ba. Na gode da ka durƙusa a bakin kwata ranar da masu manyan riguna ke zaune a inuwa. Na gode da ka faɗa wa Margret gaskiya alhali ƙarya ta fi sauƙi. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka ga jikokin Jatau sun girma.

Ku kuma mutanen Mubi, kada ku karanta wannan ku girgiza kai ku juya shafi. Mutumin yana da rai, gidansa ba ɓoyayye ba ne. Masu hannu a cikinku su je su zauna a gabansa ya koya musu tun bakinsa na iya bayani, domin allon nan zai buƙaci gyara, shi kuma ba zai ƙara iyawa ba. Wanda ba shi da hannun aiki, akwai mace irin Margret a layinsu, ya je ya tambaye ta sunan wanda ta rasa, ya zauna ya saurara har ta gama. Jiya ma wata tsohuwa ta zo daga Uba da ƙulli a gefen zani. Malam ya karɓa, ya shafa shi da yatsu, ya juyo da fuskarsa wajenmu da ke zaune ya ce, "Wa zai tankaɗe mata?" Muka yi ta kallon juna.