Sunan Haradhan Wanzami

Shekara talatin Mofizuddin Pramanik, da ake kira Mofiz, ya yi yana koyar da tarihi a makarantar Nilganj, amma tarihin garinsu a kan bencin aski ya koye shi. Haradhan Shil, tsohon wanzamin da ke zama gindin mangwaro a bakin kogi, shi ke yi masa aski tun yana yaro, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya san inda Turawa suka haƙa ramukan jiƙa baban rini, da shekarar da kogi ya cinye kasuwar rama, da gidajen da masu su suka garƙame suka tsallaka iyaka lokacin da aka raba ƙasa, har da waɗanda suka shige su daga baya.

Da makarantar za ta cika shekara ɗari, kwamitin biki ya ce Mofiz ya rubuta ɗan littafin tarihin gari. Wata huɗu yana zuwa gindin mangwaro, ana shan shayi, tsoho na faɗa yana rubutawa. A shafin godiya ya sa sunan Haradhan a sama. Shugaban kwamiti ya gani ya yi dariya, ya ce manyan baƙi za su zo daga Dhaka, babban birni, sai a ce musu wanzami ne madogarar tarihin gari? Mofiz bai yi gardama ba. Da hannunsa ya soke sunan, ya sa na shugaban.

Bayan biki ya kai wa Haradhan littafin. Tsoho ya goge hannu a zanensa ya karɓa. Bai iya karatu ba.

"Masta, ina sunana yake?"

Mofiz ya ɗora yatsa a layin farko. "Ga shi nan, Kaka."

Daga ranar duk wanda ya zauna aski sai an nuna masa layin. Mutanen Nilganj ba sa raga wa kowa wajen ba'a, amma a kan wannan suka kama bakinsu. Su karanta sunan shugaba, su ce, "To Kaka, ka shiga tarihi, yanzu sai mun cire takalmi kafin mu zauna." In sun haɗu da Mofiz kuwa su gaishe shi da ladabin da ya fi na da. Wannan gaisuwar ita ta fi ƙona masa rai.

Mofiz ya koma zuwa aski a wani shago kusa da tashar jirgi. Sau biyu Haradhan yana aiko masa cewa ya tuno wasu labaran da ba su shiga littafi ba. Mofiz ya ce sai gobe. Da damina tsoho ya rasu.

Bayan mako biyu 'yarsa Malati ta zo ta tsaya bakin ƙofar Mofiz. Ta ce tun ranar farko babanta ya sa ta karanta masa layin, ta kuwa karanta abin da ke rubuce.

"Me ya ce?"

"Ya ce kada in faɗa wa Masta, zai ji kunya."

Yanzu Mofiz gida-gida yake bi da biro a aljihu, yana roƙon a fito masa da littafin ya rubuta sunan Haradhan a ciki. Wasu su ɗauko, wasu su ce tuni yara suka yage shi, wasu su tsare shi sai ya sha shayi. Gidan shugaban kwamiti ne kawai bai shiga ba tukuna. Sau uku yana kaiwa ƙofa yana juyowa.