Duwun da Ya Haihu a Bokitina

Shekarun baya, ina saurayi a Belbeji, na taɓa kiwon kunama. Sa'annina na kiwon tattabaru, ni kuwa abin da Allah ya ɗora mini ke nan. A ƙarƙashin damin hatsi na same ta da kaka, ƙatuwa, baƙa wuluk. Na zuba rairayi a tsohon bokiti, na kife mata sakaina, kullum ina kamo mata fara. Ina son abata ba kaɗan ba.

Mahaifiyata ta ce sam. Da na dame ta da magiya sai ta kafa sharaɗi: in namiji ne ya zauna, in mace ce da taɓarya za ta gama da ita, don ba za a cika mata gida da 'ya'yan kunama ba, ga jikoki na rarrafe.

Na kirawo abokina, mai cika bakin cewa a bayan raƙuma ya girma, babu ƙwaron dajin da bai sani ba. Ya leƙa bokitin daga nesa, hannuwa a baya, ya ce duwu ne, namijin kunama, mace ba ta kai wannan girma. Ni ma na gyaɗa kai kamar na sani.

Duwu ya yi ta ƙiba, ina ta yabon kiwona. Wata safiya na ɗaga sakaina, na ga bayansa fari fat kamar an zuba shinkafa. Da na duba da kyau, shinkafar motsi take.

Sai ga mahaifiyata nan tafe daga bakin turmi, taɓarya a hannu. Ta leƙa, ta daɗe tana kallon yadda uwar ta goye su duka. Sai ta jingine taɓaryar tana dariya.

"Namijin naka ya sauka lafiya," in ji ta. "A gidan nan ba a dukan mai jego. Je ka kamo mata fara."

Maƙwabta har barka suka shigo yi mini, suna tambayar yaushe ne suna. Da 'ya'yan suka sauka daga bayanta, na kai su can daji, na sake su tare da uwarsu. Daga baya wani mai wasa da kunama a kasuwar Tanout ya gaya mini ai mace ce mai kauri, namiji siriri ne mai doguwar wutsiya.

Har yau abin na sa ni dariya, amma taɓaryar da aka jingine ce ta fi tsaya mini a rai. Tsokanar kuwa ba ta ƙare ba. Ranar da matata ta haihu, na ruga na gaya wa mahaifiyata an sami namiji. Ta dube ni ta ce, "Ka dai tabbatar, ko a kira abokinka ya duba?"