Ranar da na jiƙa haƙorana a ruwan bilic

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ina sayar da soyayyen kifi a bakin gadar Wudil, 'ya'yana uku. Motocin 'yan siyasa ba sa yankewa, ciniki sai hamdala. Abin da masu sayen kifina ba su sani ba, haƙorana huɗu na gaba na roba ne. Nawa na asali sun zube ne ranar da ɗan acaɓa ya kayar da ni a hanyar Darki.

Zama gaban wuta da sa ƙishi, don haka wuni nake ina kurɓar zoɓo, safe da yamma kuma baƙin shayi. Sannu a hankali haƙoran suka fara rinewa, baƙi-baƙi, musamman ta wajen dasashi. Gabana ya faɗi, domin gwaggon da ta rene ni ciwon dajin baki ne ajalinta, kuma da ɗan baƙin tabo ya fara. Na daina dariya, abinci ya fita raina. In na ga autata tana wasa sai hawaye, ina tunanin wa zai riƙe ta. Maigidana ya yi ta cewa mu je asibiti, na ƙi, don tsoron abin da za a faɗa mini.

Wata safiya ina wanki, na ga bilic ya fitar da tabon manja daga farin zane. Na ce a raina in tabon haƙoran ya fita, to ba ciwo ba ne. Na cire su, na jiƙa a ruwan bilic, na ɗauraye sama-sama, na mayar baki. Nan take bakina ya ɗauki zafi kamar na ɗibi garwashi. Harshe ya kumbura, yawu na dalala, maƙogwaro na yaji. Na yi ta kalmar shahada a zuci, domin bakin ya ƙi furtawa. Maigidana ne ya kwashe ni sai asibiti.

Likita ya duba, ya ce babu daji, babu alamarsa, ƙuna ce kawai. Ya ce roba tana shan launin zoɓo, shayi da kofi, wanki da buroshi ne maganinta, bilic kuwa ya riga ya cinye ta. Na daɗe ba abin da ke wucewa sai kunu mai sanyi, ina suyar kifi da giɓi, mayafi a baki.

'Yan uwana masu haƙoran roba, ku riƙa kuskure baki bayan shayi, in kun ga tabo ku nuna wa likita. Tsoron jin gaskiya ya kusa kai ni kabari da ƙafata, alhali lafiyata ƙalau.