Raƙumin da Kaka Ta Sa wa Kwalli

Shekarar da na dawo Tanut daga koyon gyaran rediyo a Damagaram, babana ya ba ni wa'adi. Ya ce in ƙaramar Sallah ta wuce ban nuna masa amfanin wayoyin nan da na cika zaurensa da su ba, to in tattara in bi shi gona Ollelewa. Ni kuwa na tsani fartanya, ita ma ba ta ƙaunata.

Sai na yi wa samarin unguwa alkawarin raƙumi mai gaisuwa, wanda za a kafa a dandali ranar Sallah. Na haɗa shi da itace da buhunan gyaɗa. Wuyansa injin goge gilashin wata matacciyar mota ke ɗaga shi. A cikinsa na sa gwangwanin madara mai juyawa, na kafa masa ƙusoshi: wannan ƙusa ta taɓa waya raƙumi ya sunkuyar da kai, waccan ta taɓa ya motsa baki. In ka sauya wa ƙusa wuri, ka sauya masa hali. Idonsa gindin kwalba ne, a bayansa na ɓoye wata ƴar ƙwaya mai jin haske. Da inuwar mutum ta gifta, gwangwani ya juya, raƙumi ya gaishe shi. A gwaji har kazar maƙwabta ya gaisar, na yi ta fankama.

Da safiyar Sallah na jona batir, sai raƙumi ya hau sunkuyo ba tsayawa, alhali ko ƙuda bai gifta ba. Na zare ƙusoshi na mayar, bai daina ba. Na sake batir, sai ma ya ƙara himma. Na zargi akuyarmu da tauna waya, na zazzage ta tas, na yi ta yanke wayar duk inda nake tuhuma har ta gajarce. Gumi ya jiƙa mini sabuwar riga, raina ya ɓaci ƙwarai.

Can na ɗaga kai, na ga idon raƙumi baƙi ƙirin. Kakata ce ta rangaɗa masa kwalli, har da ɗan man shanu don ya kama. Ƙwayar tana ganin duhu, ta ɗauka jama'a ce ke ta wucewa. Na kai hannu zan goge, Kaka ta buge ni da sandarta.

"Wa ka taɓa gani ya fita Sallah da ido fari fat? Jikana ya yi abu, sai an ce ba shi da gata?"

Na yi bayani, na yi magiya, ta jawo tabarma ta zauna gadi. Dole na zaro ƙwayar ta bayan kai. Sauran wayar kuwa ba inda ta kai sai gindin wutsiya, nan na manna ƙwayar.

Da la'asar dandali ya cika. Mutane suka yi ta tsayawa gaban raƙumi suna sallama, shi kuwa ya yi musu ƙememe, da kwallinsa raɗau. Wani jaki ya bi ta bayansa, ya sha gaisuwa. Aka tuntsure da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga Baba cikin babbar riga. Ya tsaya a gaba, shiru. Ya yi gyaran murya, shiru. Ya harare ni, ya kewaya ta baya zai tafi gida, kawai raƙumi ya duƙar da kai har ƙasa yana motsa baki. Baba ya dawo gaba, ya sake kewayawa, ya sake shan gaisuwa. Ya daɗe yana kallonmu, ni da shi.

"Lalle kai ka yi shi, bai bar halinka ba," in ji shi. "Zauna da wayoyinka. In na kai ka gona, geron ma sai ya tsiro kai ƙasa, saiwa sama."