Mama Guga a Gaban Majalisa

Shekara ashirin tana wanke zanen bagade a cocin Katolika na bayan kasuwa, tana goge shi har ƙuda ya ji kunyar sauka a kai. Shi ya sa ake kiranta Mama Guga. Magana kuwa, ko Fada ne ya gaishe ta, takalminsa take amsa wa.

Ranar da zumuntar mata ke zaɓen shugaba, ta fita ɗauko kujeru. Kafin ta dawo an zaɓe ta.

"Sista, ni fa ban iya magana ba," ta ce da mai koya musu shugabanci.

"Kin iya, Mama. Ajiyarta kawai kike yi."

Ba a yi wata biyu ba aka ji majalisar gari za ta ɗauke ungozoma ɗaya tilo da ke asibitin unguwa. Matan suka rubuta koke, suka danƙa mata. Mako guda tana karanta wa dutsen guga shi.

Ranar zaman majalisa ta shiga zauren, mata talatin a bayanta. Ganin kujeru a jere da dogon tebur a gaba, sai ta kai gwiwa ɗaya ƙasa ta yi alamar gicciye kamar ta shiga coci. Matan nan kaf suka bi sahu, ɗaya bayan ɗaya.

Shugaban majalisa ya gyara zama, baki har kunne. "Haba Mama, ai ba sai kun durƙusa mini ba."

"Ba kai ba ne, Yallaɓai. Ƙafar ce ta saba."

Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama ta, ta dubi takardar koken, ta kasa ganin layi ko ɗaya. Sai ta ninke ta.

"Yallaɓai, lokacin da na yi cikin fari babu ungozoma a unguwarmu. A bayan mota na haihu, a hanya. Yaron bai yi kuka ba. Yanzu surukata cikinta wata takwas."



"Za mu duba, Mama," in ji shugaban majalisa.

"To ku duba. Muna nan."

Suka zauna, kowacce ta ciro carbin Rosari. Wanda bai san matan nan da zaman addu'a ba, ranar ya sani. Kafin su zagaye carbin sau biyu, shugaba ya sa hannu cewa ungozoma tana nan.

Da suka fito ba ta tsaya karɓar barka ba. Gidan ɗanta ta nufa, don surukar ta ji daga bakinta.