Moto Ma Sai Ya Yi Sallama

Shekarun da aka hana hawan moto, wato babur, a Diffa, nawa yana cikin zaure lulluɓe da tsohuwar tabarma, kaji na kwana a kansa. Ban sayar ba. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci nakan yaye tabarmar in goge tankin, in ce masa Allah Ya kawo ranarka. Da aka sassauta dokar, samarin unguwarmu suka haɗa kulob, suka ce za su yi tseren moto cikin rairayi da fadamar kogin Komadugu, nesa da kwalta. Hukuma ta ba su izini da sharaɗi guda: ƙauye ɗaya ya kai kuka, an soke tseren.

Ni ba mai tsere ba ne, gwiwa ta ƙi. Alluna aka ba ni. Manoman tattasai da makiyayan kwarin ba kowa ke karanta boko ba, amma duk wanda ya taɓa zama gaban malam zai gane ajami. Na riƙa rubutawa da fenti a kan katako: hattara, hanyar tsere, ranar Asabar. Samari kuma suna sare ƙaya, suna ɗaura jan ƙyalle a jikin goriba, suna kewaye hanyoyin ban ruwa kada taya ta rushe wa manomi aikinsa. Ladanmu shayi ne, shi ma in shugaban kulob ya tuna da sukari. Makanike ne shugaban, dogo, hannunsa bai rabuwa da baƙin mai.

Hanyar ta bi ta bayan Assaga, inda mutanen da fitina ta koro suka kafa rumfuna. Ina can ina kafa allo bayan la'asar sai samarin suka fito gwaji, gaba ɗayansu, kowa da hular kwano a rufe. Ni da na ji ƙarar, daɗi ne ya kama ni. Da na waiwaya sai na ga mata sun yar da taɓarya, an suri yara, an nufi daji. Tukunya ta kife a kan murhu. A kunnenmu ƴan gari ƙarar nan ta sakin mara ce. Su kuwa ita ce ta tashe su daga garuruwansu.

Washegari muka je ba da haƙuri wurin mai unguwarsu. Tun a hanya shugaba ya karaya. "Baba Malam, an gama," in ji shi. "Ko ba su kai kuka ba, da wane ido zan wuce nan?"

Kafin mai unguwa ya buɗe baki, wata dattijuwa ta ratso taron tana ɗingishi. Ƙosai take soyawa a bakin rumfarta, daga ƙetaren kogi ta zo, jiya kuma ta faɗi wajen gudu ta goge gwiwa. Hausarta ta Barebari ce, namiji ma "ke" take ce masa.

"Ke dogo, ke ce babbar masu mashin?"

"Ni ne, Iya. Ki yi haƙuri. Za mu janye."

"Wa ya ce ki janye?" Ta zauna a kan turmi, ta miƙe ƙafar. "Na gudu daga gidana, na ƙetare kogi ruwa iya wuya. Jiya na sake gudu, ashe ƴaƴan mutane ne ke wasa. Na gama gudu. In kun ɗauke mashin ɗinku yau, gobe wani ya wuce, in sake faɗuwa?"

Na ce, "To Iya, me kike so a yi?"

"Malam, ke da kika yi karatu kike tambayata? Waɗancan da suka kore mu ba su yi sallama ba. Fuska a rufe suka zo. Naku su zo su yi sallama."

Haka aka yi. Da hantsi samarin suka turo motocinsu a kashe tun daga bakin kwalta, cikin rairayi, gumi na zuba. Kowa ya tsaya gaban rumfarta, ya cire hula, ya yi sallama, ya faɗi ɗan wane ne shi da sana'ar ubansa. Mata suka fara leƙowa. Ita kuwa ba ta bar kowa ya wuce haka nan ba.

"Wannan wuya kamar na zabo, shi zai ɗauki kwanon nan?"

"Iya, ni zan zo na ɗaya."

"In kin zo na ɗaya ƙosai kyauta. In kin faɗi, ki faɗi nesa da kaskona."

Da aka gama ta ce shugaba ya tayar da nasa a gabanta. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya buga. Ina kusa da ita, na ga yadda ta damƙe bakin zanenta, leɓenta na motsi da sunan Allah. Ba ta tashi ba.

"Ƙara," ta ce.

Ya murɗa. Ta ce na biyu ma ya tayar, da na uku, har duka suka ɗauka, ƙasa na rawa a ƙarƙashinmu. Yara suka toshe kunne suna dariya. Ta zauna cikin ƙarar nan har sai da hannunta ya saki zanen don kansa.

Mai unguwa ya sunkuyo ya tambaye ta ko a kai kuka.

"Kukan me? Baƙi sun yi sallama, na amsa."

Ranar Asabar na yaye tabarmar nan, na zuba mai, na hau a hankali irin hawan tsofaffi. Na tarar da ita ta ɗauko kaskonta ta kafa dab da allona, inda motoci za su karya kwana. Na kashe inji tun daga nesa, na turo, na yi sallama.

"Amin, Malam. Matsa gefe, kina tare mini hanya. Ga su nan tafe."