Baƙi da Fari a Bayan Baron Baba Bukar

Litinin: Azare zuwa Kano

Ƙarfe biyar da kwata na asuba Baba ya ɗauke ni a babur zuwa tasha, jakata a kan tanki, ni kuwa na rungume wata leda kamar jaririya. A cikinta akwai farar riga da baƙin siket da baƙin mayafi, kayan da mu ɗaliban shari'a muke sakawa. Baba tela ne, shi ya ɗinka su da hannunsa, ya goge su har sau biyu. Ina aji huɗu a jami'a, ban zama komai ba tukuna, amma a gidanmu sunana Balaraba ya daɗe da ɓacewa, kowa Barista yake cewa.

Abin da ya tashe ni shi ne wata cibiya a Kano mai nazarin tsare-tsaren gwamnati ta ɗauke ni aikin sanin makama na mako ɗaya. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Motarmu ta cika ƙarfe shida da minti goma, kuɗin mota dubu bakwai. Tafiyar kilomita ɗari biyu ce da ɗoriya. Mun wuce Jama'are kafin bakwai, muka tsaya shingen jami'an tsaro a Shuwarin, inda ɗaya ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin ledar. Direba ya riga ni amsawa: "Yallaɓai, lauya muka ɗauko, a yi hattara." Aka yi dariya aka ɗaga mana hannu. A Wudil na sayi soyayyen kifi, na ci da hannu ɗaya don kada mai ya taɓa ledata. Goma da rabi muka shiga tashar Unguwa Uku, adaidaita sahu ya kai ni Fagge gidan Gwaggo Asabe, yayar Baba.

Bayan azahar na je ofis. Shugabata, Barista Hadiza, ba ta da dogon zance. Ta ce wani kwamiti ya rubuta daftarin ƙa'idojin rage cunkoso, kuma sashe na bakwai ya hana masu baro bin titi tsakanin Kantin Kwari da Sabon Gari daga sha biyun rana zuwa shida na yamma.

"Ranar Alhamis ƙarfe goma za a saurari jama'a," in ji ta. "Masu shaguna suna da masu yi musu magana. 'Yan dako ba su da kowa. In ba wanda ya ce uffan, haka sashen zai wuce. Ga takardun tambaya guda arba'in, ki jiyo mana ta bakinsu."

Talata: Kantin Kwari

Na fito ɗaki tsaf cikin baƙi da fari, katin shaida a wuya, fayil a hammata. Gwaggo tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, haka za ki shiga Kwari?"

"Gwaggo, aiki fa zan je."

"To, Barista. Allah ya kiyaye."

Tafiyar minti goma ce da ƙafa. Tara daidai na tunkari wasu masu baro biyar da ke jiran kaya, na yi sallama, na buɗe fayil. Kafin in zaro biro saura mutum ɗaya, shi ma ya ce zai je ya kama ruwa. Na matsa layi na gaba, sai na ji wani ya ɗaga murya: "Ga mai sammaci nan!" Wallahi har wani mai shago ya fara jawo ƙofa. Na ce ni ɗaliba ce, na nuna katina, abin ya ƙara lalacewa, domin duk wanda ya ga layin sa hannu a ƙasan takardar sai ya ja baya.

Kusa da masallaci na tarar da wani dattijo zaune a kan baronsa yana cin goro. Shi bai gudu ba. Ya saurare ni har na gama Turancina da Hausata, sannan ya ce, "Yarinya, ni ban yi faɗa da kowa ba. Ki gaida alƙali."

Har la'asar ina yawo, kwalta ta gasa mini ƙafa a cikin rufaffen takalmi, takarda arba'in ko ɗaya ba a cike ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma gida ina faɗa ni kaɗai, wai mutum ya zo taimakon mutane suna gudunsa. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yo wa ya taɓa ganin mai irin kayan nan ya shigo kasuwa da alheri? Ko rufe shago, ko kiran mutum kotu. Kuma kika faɗa wa mutane da takarda ba ki gaida babbansu ba. Gobe ki ajiye kayan Babanki, ki ajiye fayil, ni zan kai ki."

Shekara huɗu ina karatun doka ba a taɓa koya mini wannan ba.

Laraba: Kwari zuwa Sabon Gari

Gwaggo ta ba ni aron atamfarta da silifas. Ta taɓa sayar da waina a bakin kasuwar shekara da shekaru, duk inda muka gifta sai an ce, "Inna Asabe, kina nan?" Muka sayi goro na ɗari biyar, ta kai ni gaban shugaban 'yan dako na layin. Ina ɗaga ido sai ga dattijon jiya. Baba Bukar sunansa, iyayensa daga Borno suka zo, shi kuwa a Fagge aka haife shi. Na durƙusa na gaishe shi, kunya kamar in nutse.

"Au, mai sammaci ce ta zama mutum yau?" Ya karɓi goron, ya raba wa na kusa da shi. Sai da aka tambayi lafiyar Azare da ta Baba da yadda damina ta yi, sannan ya bari na faɗi abin da ya kawo ni. Da na karanta masa sashe na bakwai daga ka, murmushinsa ya ɗauke.

"Sha biyu zuwa shida? 'Yata, ba zan yi miki bayani da baki ba. Ki jira azahar ki biyo ni."

Biyu da rabi aka ɗora masa dila biyu na atamfa, aka ɗaure da igiya. Masu baro bakwai suka jeru a bayansa, ɗaya bayan ɗaya, a gefen hagu. Ashe haka al'adarsu take, babba a gaba, ba mai wuce wani, kuma ba su hawa babban titi sai inda za su tsallaka. Lunguna suke bi, waɗanda ni ko a taswira ban gan su ba. Na bi su ina haki. Mutumin da ya girmi Babana yana tura kayan da suka fi ni nauyi sau uku yana cewa "Hanya, hanya," ni da ba na ɗauke da komai ina neman wurin zama. Minti talatin da biyar muka yi zuwa inda manyan motocin Kudu ke lodi a Sabon Gari.

Mai kayan tana jiranmu, Madam Ifeoma, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa Kananci. Ita ke saya wa 'yan'uwanta na Kudu kaya. Ta zaunar da ni, ta sa aka kawo mini sakwara da miyar agushi, ta ce, "'Yata, masu saye da safe suke sauka, su yi ciniki har azahar, motoci kuma da yamma suke lodi. In aka hana baro a tsakanin nan, yaushe ke nan za su yi aiki? Mutumin nan tun ina goyon ɗan farina yake kawo mini kaya, ko turmi ɗaya bai taɓa ɓata ba."

Nan na gane. Awa shidan da aka hana su ne aikin gaba ɗaya. Na roƙe su su zo zaman gobe. Madam ta ce ko ba a gayyace ta ba za ta je. Baba Bukar ya daɗe yana goge gumi da hularsa.

"Ni a gaban manya? To, zan je. Amma da sharaɗi. Ki sako kayanki na jiya."

"Baba, waɗanda kuka gudu saboda su?"

"Su fa. Su ma can su ga muna da tamu lauyar."

Alhamis: Zauren taro

Tara da rabi adaidaita sahu ya sauke mu mu uku, ni da Baba Bukar da Madam. Baba Bukar ya sha farar riga mai karin guga, ni kuma baƙi da fari. Barista Hadiza ta tambayi takardu arba'in, na miƙa mata su fayau yadda ta ba ni, na ce ga mutanen da kansu na kawo. Ta dube ni, ta dube su, ta ce, "Minti biyar gare mu. Ki tashi ke."

Na miƙe. Minti biyu na yi. Na ce manufar sashen rage cunkoso ce, kuma ana iya cim ma ta ba tare da an hana mutum sana'arsa ba. Na roƙi a amince da hanyar lungu da jerin da 'yan dako suka riga suka tsara wa kansu, a sa musu wuraren tsallaka titi. Sauran minti ukun na ba Baba Bukar. Ya lissafa lungunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, da baron nan na aurar da 'ya'ya huɗu. In an ce in ajiye shi sha biyu, to a ce in ajiye shi kawai." Madam ta miƙe daga baya ba a ba ta izini ba ta ce, "Gaskiya ya faɗa!"

Shugaban zaman ya yi magana ƙasa-ƙasa da na kusa da shi, sannan ya ce a janye sashe na bakwai, a sake rubuta shi tare da wakilan 'yan dako, kuma cibiyarmu ta kawo shawararta a rubuce. Barista Hadiza ta matse mini hannu ta ce ni zan rubuta. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma ban ji kunyarsa ba.

Juma'a: Komawa gida

Na miƙa rubutuna takwas na safe. Da na koma ɗaukar jaka, Gwaggo ta ba ni wani ƙunshi, ta ce Baba Bukar ne ya kawo da kansa. Farin yadi ne mai kyau, yadi biyar, 'yan layinsu suka haɗa. Saƙonsa shi ne in kai wa telan da ya ɗinka mini rigar farko.

Motarmu ta bar Unguwa Uku tara da rabi, direba ya tsaya sallar Juma'a a Jama'are, muka shiga Azare uku saura kwata. Kai tsaye shagon Baba na wuce. Ya tambayi yadda kayansa suka yi a Kano, na ce ranar Talata sun kori kasuwa guda, ranar Alhamis kuma sun tsaya wa mutum. Na ajiye masa yadin, na faɗa masa wanda ya aiko. Ya shafa shi, ya sake shafawa. Can ya ciro tef daga wuyansa ya ce, "Miƙe tsaye, Barista."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo da atamfarta, da Madam, da Barista Hadiza. Baba Bukar kuwa, Allah ya ƙara wa gwiwarsa ƙarfi. Rigar da aka ɗinka da yadinsa tana cikin akwati, ba zan saka ta ba sai ranar da aka rantsar da ni lauya.